Zaman karatu a gidan mutane a Damagaram: yadda na bi shi tun daga Kano

Duk lokacin da na zo hutu Kano sai an samu wata uwa ta turo 'yarta, ko ita da kanta ta zo, a tambaye ni yadda ake zuwa karatu Damagaram. Tambayoyin ba sa wuce uku: wace takarda ake nema, nawa ake kashewa, kuma a ina yarinya za ta zauna. Biyun farko ana tsayawa a kansu sosai. Ta ukun ce ake wucewa da sauri, a ce ai Nijar gida ce, Hausa ake yi, alƙibla ɗaya ake kallo, a samu gidan sani a ajiye ta shi ke nan. Ni ma a gidan sani aka ajiye ni, gidan mutanen kirki kuwa, amma zaman ya ci shiri da magana fiye da yadda takardun suka ci. Zan faɗi yadda abin ya tafi tun daga farko, don wadda za ta biyo baya ta san inda za ta sa ƙafa.

A 2022 ne maganar ta taso, lokacin da malaman jami'o'in Najeriya suka shiga yajin aikin da ya kai wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Aikin jinya nake so, gurbi ya yi wuya, zaman gida kuma ya ishe ni. Babanmu yana sayar da atamfa a Kantin Kwari, yana da wani abokin ciniki ɗan Damagaram da suka daɗe tare, shi ya ba shi labarin wata makarantar koyon aikin lafiya mai zaman kanta a garinsu, wadda ke ɗaukar 'yan Najeriya, a fara da shekara guda ta Faransanci sannan a shiga karatun. A waya ɗaya suka gama magana. Mutumin ya ce, "Alhaji, in dai ɗiyarka ce, gidana gidanta ne." Baba ya yi godiya, aka rufe zancen masauki a nan. Babu wanda ya tambayi ɗaki nawa ne a gidan, mutum nawa ke kwana a ciki, ko matar gidan ta san da zuwana.

Takardun da na haɗa a Kano su ne fasfo, katin rigakafin zazzaɓin shawara, sakamakon WAEC, takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya, da hotuna masu yawa. Fasfo ne ya fi ɗaukar lokaci, don haka shi za a fara nema tun kafin a gama shawara. Katin rigakafin ana biyan kuɗinsa ta intanet, a je wurin jami'an lafiya na filin jirgi a yi allurar a karɓa, kuma allurar sai ta kwana goma kafin katin ya fara aiki, kada a bari sai ana gobe tafiya. Wani abin da za a duba tun a gida shi ne sunan da ke kan takardun nan ya zama iri ɗaya, harafi da harafi. A Nijar da salon Faransanci ake rubuta suna, mai cika takarda yana jin Abubakar zai rubuta Aboubacar, yana jin A'isha zai rubuta Aïchatou, kuma in sunan da ke kan shaidar kammala karatu ya saɓa da na fasfo, ke ce za ki sha wahalar gyara ranar da kika dawo neman aiki. Duk inda aka ce in faɗi sunana, fasfo nake miƙawa in ce a kwafa yadda yake.

Kawuna, ƙanin mahaifiyarmu, shi ya raka ni. Mun bi ta Kazaure da Daura muka kai iyaka a Kwangwalam, aka duba fasfo aka buga hatimi a ɓangaren Najeriya, muka tsallaka aka sake dubawa a ɓangaren Nijar, aka nemi katin rigakafi. Waɗanda ba su da shi an tsayar da su gefe, motar kuma ba ta tashi sai da kowa ya gama, don haka tafiyar da ba ta kai kilomita 250 ba ta cinye mana yini. Daga nan sai Matamaye, Kance, Takeita, a hau babbar hanyar da ta taso daga Yamai a shiga Damagaram. A iyaka muka canza kuɗi kaɗan, na abin hawa da ruwan sha. A nan Kawu ya zaunar da ni ya koya mini lissafin sefa, don a kasuwa ba wanda zai ce miki sefa ɗari. Da dala ake ƙirga, dala ɗaya sefa biyar ce, dala ashirin sefa 100, dala ɗari sefa 500, jika guda kuma sefa 1000. Wadda ba ta riƙe wannan ba za ta yi ta miƙa wa ɗan kabu-kabu kuɗin da bai kai ba, ko wanda ya wuce.

Gidan yana Zango, unguwar fatake ta da, inda har yanzu ake ganin tsofaffin gidajen ƙasa masu zane a fuskar zaure. Mun isa bayan la'asar. An karɓe mu da fura mai sanyi, an yi gaisuwa mai tsawo, Inna, matar gidan, ta riƙe hannuna ta kai ni ɗakin 'yan mata inda 'ya'yanta biyu da wata 'yar ƙanwarta suke kwana. A fuskarta na ga alheri, na kuma ga tana lissafin inda katifa ta huɗu za ta shiga. Daga baya na ji cewa kwana kaɗan kafin zuwanmu aka gaya mata.

Da dare Kawu ya yi abin da har yau nake gode masa. Bayan isha'i ya nemi zama da maigidan a zaure, ya ce a kira Inna, ni ma aka ce in zauna daga bakin ƙofa. Ya ce, "Alhaji, yarinyar nan ba kwana uku za ta yi ba, shekaru ne. Mahaifinta ya ce a yanka abin da za a riƙa turowa duk wata." Baba Alhaji, wato maigidan, ya ɓata rai, ya ce, "Haba Malam, ɗiyar abokina ta biya kuɗin tuwo a gidana? Mi za a ce da ni cikin Zango?" Kawu bai ja da shi ba. Ya juya wajen Inna ya ce, "To Hajiya, tuwo na Alhaji ne, mun bar masa. Amma ruwa fa, da gas, da sabulu? Ai waɗannan ba tuwo ba ne." Inna ta yi dariya ta sunkuyar da kai, Baba Alhaji ya ce su mata su san yadda za su yi. A haka aka tsaya: duk wata zan riƙa sayen tukunyar gas ƙarama, in biya ɗan garuwa na wasu kwanaki, in kawo sabulu da omo, duk zangon karatu kuma Baba ya aiko da buhun shinkafa ta hannun direba. Ba a ce kuɗin haya ba, ba a ce kuɗin abinci ba, mutuncin maigida bai taɓu ba, nauyin kuma bai faɗa kan matar da ke riƙe da tukunya ita kaɗai ba. A zaman nan Kawu ya tambayi ƙarfe nawa ake rufe gida, wa zan gaya wa in zan fita, ko ƙawaye za su iya zuwa wurina, da wanda za a kira in na kwanta rashin lafiya. Tambayoyi ne da ni ba zan iya buɗe baki in yi su ba, su ma kunya ba za ta bar su su gindaya mini ba. Na ga 'yan Najeriya da dama da zamansu ya lalace a gidajen kirki, kuma in ka bi diddigi, irin wannan zaman ne ba a yi ba.

Makon farko na yawon ofisoshi ne, a nan na gane cewa maigidan da ka sauka wurinsa shi ma takarda ne. Makaranta ta nemi shaidar wurin zama. Baba Alhaji ya kai ni wurin mai unguwa ya ce ga ɗiyarsa daga Kano, a gidansa take, mai unguwa ya rubuta shaida, da ita muka je ofishin 'yan sanda aka yi takardar. Ɗalibai 'yan'uwana da suka kama haya su kaɗai sun fi ni shan zirga-zirga a kan wannan, don sai sun nemo mai gidan hayar ya tsaya musu. Bayan nan sai ma'aikatar magajin gari, wadda kowa ke kira meri, inda ake tabbatar da kwafin takardu. Kowane kwafi sai an manna masa tambur, wato kan sarki, an buga hatimi, kuma sai an ga ta asali, saboda haka a tafi da takardun asali a cikin jaka mai kyau, a yi kwafi da yawa a tabbatar da su gaba ɗaya, don za a yi ta nemansu har a gama karatu. A je da sassafe. Zuwa azahar layi ya yi tsawo, ranar Juma'a kuma da wuri ake tashi. Sakamakon WAEC da takardar haihuwa sai da aka fassara su zuwa Faransanci wurin mai fassarar da hukuma ta yarda da shi, fassarar ɗan makaranta ba ta karɓuwa ko da ta fi kyau. Sannan aka haɗa su aka tura Yamai don a daidaita sakamakon da Bak, jarrabawar kammala sakandare ta ƙasar. Yamai na da nisan kilomita kusan 900 daga Damagaram, ban je da kaina ba, makaranta ce ta tura na ɗalibanta a tare, aka ba mu rasit muka fara shiga aji da shi. Amsar ta ɗauki watanni, kuma duk tsawon lokacin zuciyata ba ta kwanta ba, ina tunanin kada a ce sakamakon bai yi ba bayan an biya kuɗin shekara. A riƙe rasit ɗin nan da kyau. Akwai kuma gwajin lafiya da likita zai sa hannu, da layin waya na ƙasar wanda da fasfo ake rajistarsa. Kuɗin makaranta kashi-kashi muka biya, kowane biya da rasit ɗinsa, Inna ta ba ni wata tsohuwar gwangwanin madara na riƙa tara su a ciki.

Takardu suna ƙarewa. Abin da ba ya ƙarewa shi ne ruwa. Damagaram gari ne da ke zaune kan duwatsu, matsalar ruwansa ta girmi kowa a gidan, daga rijiyoyin da ke nesa da gari ake turo shi, kuma in zafi ya shigo famfon unguwarmu sai tsakar dare yake kawowa, wani lokaci ya yi kwanaki bai ce komai ba. A Kano ma mun san 'yan garuwa, amma ban taɓa ganin gidan da ake lissafin ruwa kamar wannan ba. Inna kan bar famfo a buɗe da bokiti a ƙasa, ta kwanta kusa da shi. Da ta ji ɗigo sai ta taɓa ƙafar babbar 'yarta, ita kuma ta tashe mu. Mu fito da fitilar waya, a jera randuna da jarkoki, a fara cika randar sha, sai ta girki, sai durom na wanka, na wanki shi ne ƙarshe in ruwan ya kai. Ba a magana da ƙarfi don Baba Alhaji na barci, sai ƙarar ruwa cikin jarka da Inna tana cewa a hankali, "Ku kama wancan, ya cika." Wani dare kafin a kai ga durom famfon ya yi tari ya ɗauke. A daren farko da aka yi wannan tashi ba a tashe ni ba, saboda ni baƙuwa ce. Da safe na ce wa Inna, "Don Allah Inna, in ruwa ya zo a riƙa tashina." Ta dube ni ta ce, "Ke da ke da lakwal da safe?" Na ce su ma 'yan'uwana suna da makaranta. Daga ranar aka sa ni cikin layi, kuma a ganina daga ranar ne na daina zama baƙuwa a gidan. Na koyi wanka da rabin bokiti, na koyi cewa ruwan ɗaurayar wanki ba a zubarwa, da shi ake yayyafa tsakar gida ko a kai bayi.

Abinci bai yi mini nisa ba, amma ya bambanta. Hatsi, wato gero, shi ne ginshiƙin gidan. Da rana sau da yawa fura ce abincin, da dare tuwon hatsi da miyar kuka ko ta yakuwa, wata rana dambun zogale, wata rana shinkafa da wake, da safe kunu ko shayi da dogon burodin nan. Ni da na saba da shinkafa da rana, makonnin farko yunwa kan kama ni a aji. Ban sayo abinci na shiga ɗaki na ci ni kaɗai ba, don a gidan da yara suke wannan yana ɓata zama fiye da yadda ake zato. In na sayo ƙosai ko kilishi, a faranti nake zubawa a tsakar gida. Da na ga an saba, sai na roƙi Inna ta bar mini girkin Lahadi, na riƙa yi musu abincinmu na Kano, ita kuma ta koya mini dambu. Aikin gida kuwa ba wanda ya raba mini, ni na duba na ga abin da 'yan matan ke yi na ɗauki rabona: shara da safe, wanke-wanke bayan cin dare, kai niƙa in ya faɗo kaina. Lokacin jarrabawa na gaya wa Inna a fili cewa mako biyu ba zan iya ba, ta ɗauke mini, da na gama na rama wa 'yan'uwana.

Abin da ya fi yi mini nauyi shi ne rashin wurin kaɗaita. Mu huɗu a ɗaki, waya ba ta sirri, kuka ma sai a bayi. Kewar gida takan zo mini bayan magariba, lokacin da na san ana zuba abinci a gidanmu. Mahaifiyata ta ba ni shawara tun kafin in taho, ta ce kada in riƙa kawo mata ƙarar ƙananan abubuwa, don ita daga nesa za ta ji su da girma, ta gaya wa Baba, Baba ya kira abokinsa, abin da zai wuce da kwana ɗaya ya zama magana tsakanin manya. Na riƙe wannan. Saɓani da 'yan ɗaki kan caja ko man shafawa a ɗaki yake mutuwa. Abin da ya fi ƙarfina Inna nake samu in ta idar da sallar walha, lokacin gidan ba kowa. Amma ina so iyaye su ji wannan da kyau: wannan shawara ta ƙananan abubuwa ce. In yarinya ta ce wani a gidan yana takura mata ta hanyar da ba ta dace ba, ko ana hana ta zuwa makaranta don aiki, ba a cewa ta yi haƙuri, zuwa ake yi a ɗauke ta. Shi ya sa yake da kyau a ce tana da wani babba na biyu a garin, malama ko dangin nesa, wanda ba ɗan gidan ba.

Faransanci kuma gidan Hausawa ba ya koyar da shi. Wannan ne kuɗin da ake biya a madadin sauƙin zama. A kasuwar Dole Hausa, a kabu-kabu Hausa, a gida Hausa, sai a aji kawai za ki ji harshen da za a yi miki jarrabawa da shi. Na yi yarjejeniya da babbar 'yar gidan, wadda ke shirin Bak, cewa bayan isha'i sa'a guda ba Hausa tsakaninmu, ni kuma in taimaka mata da Ingilishi. Autan gidan, ɗan firamare, shi ke yi mini shifta daga littafinsa, yana gyara mini furuci ba ya jin nauyina ko kaɗan. Abin da na samu a tabarmar nan ya kai wanda na samu a aji.

Farkon 2023 canjin takardun naira ya sa kuɗi suka ɓace a hannun mutane a Najeriya, turo mini na wata ya zama aiki. Hanyar da ta fisshe mu ita ce ta 'yan kasuwa: Baba ya tura naira a asusun wani ɗan Damagaram da ke sayen kaya a Kano, ɗan'uwansa ya ba ni sefa a shagonsa. Azumin shekarar ya faɗo cikin tsananin zafi, ƙarshen Maris zuwa Afrilu, muna kwana a tsakar gida, muna jiƙa zane mu lulluɓa. Da salla aka kai ni Birni kallon hawa a ƙofar fadar Sarkin Damagaram, Inna ta ɗinka mana atamfa iri ɗaya mu huɗu, ba ta bambanta ni da kowa ba.

Ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji suka kifar da gwamnatin Bazoum. Ina Damagaram a lokacin, na tsaya darasin hutu don ƙarfafa Faransancina kafin shiga karatun jinya. Cikin kwanaki ECOWAS ta sa takunkumi, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, ana ta maganar za a kawo yaƙi. Ban taɓa jin tsoro irin na makonnin nan ba. Ni 'yar ƙasar da ake cewa za ta kawo harin ce, ina kwance a gidan waɗanda za a kawo wa. Kaya suka yi tsada, shinkafar da Baba ke aikowa ta tsaya, 'yan kasuwar da ke ba ni sefa su ma cinikinsu ya tsaya, darajar naira kuma tana ta zubewa har jika guda ta haura naira dubu biyu. Wata ya zo ban iya sayen gas ba. Na je wurin Inna ina neman yadda zan fara magana, ta riga ni, ta ce, "Ɗiyata, kada in sake jin zancen gas a bakinki. Da can da ba ki zo ba da mi muke girki?" Muka koma gawayi. A layin niƙa wata mata ta yi magana mai zafi a kan 'yan Najeriya tana kallona, maƙwabciyarmu ta ce mata wannan ɗiyar gidan Alhaji ce, ta kama bakinta. Ranar da aka ji a rediyo cewa Sanusi, wanda a lokacin tsohon Sarkin Kano ne, ya je Yamai tare da Sarkin Damagaram sun gana da Janar Tiani, shugaban sojojin da suka karɓi mulki, Baba Alhaji ya kira babana a waya, suka daɗe suna magana, daga ƙarshe ya ce masa, "Ka kwantar da hankalinka, abin da ya ci ɗiyarka sai ya fara cin nawa." Wasu ɗalibai sun bi hanyoyin daji a kan babura sun koma gida. Baba Alhaji ya hana ni, babana ya goyi bayansa, na zauna na fara shekarar jinya a Oktoba. Sai a Maris 2024 aka buɗe iyakar, na je gida. Baba ya lissafa duk abin da ya tsaya na watannin nan ya haɗa kaya ya aika, wannan karon Baba Alhaji bai ƙi karɓa ba.

Da aka fara tura mu asibiti koyon aiki sai wata sabuwar magana ta taso, ta kwanan dare. Gidan da ake rufewa bayan isha'i, ga yarinya za ta kwana waje, unguwa kuma tana da ido. Ban jira ranar ta zo ba. Na karɓo jadawalin da hatimin makaranta a kai na kai wa Baba Alhaji, na karanta masa ranakun, ya sa aka manna shi a bangon zaure, ya kuma samo ɗan kabu-kabu guda da ya sani wanda ke kai ni ya ɗauko ni. Duk wadda za ta karanci aikin lafiya, a faɗi wannan tun a zaman farko, don akwai gidajen da ba za su yarda ba, kuma gara a sani kafin a biya kuɗin makaranta.

Ga iyayen da ke shirin tura 'ya, abin da zan ce shi ne a je a ga gidan da ido kafin a kai ta, kuma a nemi yardar matar gida da bakinta, don maigida ne ke cewa to a waya amma ita ce za ta zauna da yarinyar. A tura babba mai iya magana ya raka ta, wanda zai iya tambayar abin da kunya ke hanawa. A nemo hanyar da taimako zai shiga gidan ba tare da an kira shi biya ba, kuma ya riƙa zuwa a kan lokaci. A bar wa yarinya wani abu a ajiye na ko-ta-kwana, a sefa, don mun ga yadda iyaka ke rufuwa cikin dare ɗaya. Kafin a biya ko dala, a bincika ko gwamnatin Nijar ta amince da makarantar, a kuma tambayi hukumar ma'aikatan jinya da ungozoma ta Najeriya abin da take nema daga wanda ya yi karatu a waje, don sai an ci jarrabawarta kafin a samu lasisin aiki a gida. Takardar sakamakon kowace shekara a karɓe ta a shekarar, kada a tara sai ƙarshe.

Dokokin ma sun canza tun bayan zuwana. Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairu 2025, kuma a watan ne gwamnati ta fitar da sabuwar doka kan shiga da zaman baƙi, wadda ta ɗora wa duk mai saukar da baƙo a gidansa, ko da kyauta ne, nauyin sanar da 'yan sanda. Baba Alhaji da kansa ya sa hula ya je ya yi nawa. Saboda haka wanda zai karɓi ɗiyarku yanzu yana ɗaukar nauyi a gaban hukuma, ya kamata a gaya masa wannan tun a wayar farko, a ji ko ya shirya. A yi wa yarinya cikakken fasfo, kada a dogara da ƙaramar takardar tafiya ta ECOWAS, a kuma tambayi makarantar takardun zama da ake nema a shekarar da za a tafi, don abin da aka nema a wurina a 2022 ba lallai ya wadatar yau ba.